Sallau, Mu Muka Goge Shaidarka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Janairu na shekarar 2025, cikin watan Rajab, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran Alhaji Sallau Makanike a gidansa da ke Kura, yana da shekara saba'in da uku. An yi jana'izarsa bayan azahar. Manoma sun bar gonakinsu ana tsakiyar ban ruwa, sun zo daga Bunkure da Madobi da ƙauyukan bakin kanal, wasu da taɓo a ƙafar wando. Ya bar matarsa Hajiya Saliha, da 'ya'ya shida, babbansu Nafi'u, da jikoki masu yawa.

Sallau, ni ne Badamasi. Ka san ba na son rubutu tun da na bar aiki, domin na yi shekara talatin da biyar ina rubuta rahotannin da ba wanda ya karanta. Amma wannan dole ne in rubuta shi, ko da shi ma ba wanda zai karanta.

Na san ka a shekarar 1975, lokacin da aka turo ni aikin noman rani, ina saurayi da takardar jami'a daga Zariya da biro uku a aljihun gaba. Kai kuma kana gyaran taraktocin da ke haƙa kanal, ko aji huɗu ba ka gama ba. Na zo da tunanin ni zan koya wa mutanen nan yadda ake tafiyar da ruwa. Yau kanal ɗin da na auna da hannuna rabinsa yashi ya cike, rabi ciyawar kachala ta cinye, takardata tana ƙasan akwati, kuma in manomi ya gan ni gaisuwar tsofaffi kawai yake yi mini ya wuce. Kai ne aka ci gaba da nema har makon da ka kwanta.

Ba na jin akwai injin ban ruwa tsakanin Kura da Bunkure da hannunka bai taɓa ba. Da waya ta zo, sai aikin ya ƙara yi maka sauƙi. Mutum zai kira ka daga gona yana kuka da injinsa, ka ce masa, "Daina bayani, kanga wayar a jikinsa in ji da kaina." Ka saurara, sannan ka ce, "Ba fulogi ba ne, tiyonka ne yake shan iska, duba wajen ɗaurin." Sau da yawa haka abin yake. Ban taɓa jin ka ce wa manomi ya jira sai gobe ba alhali shukarsa tana jin ƙishirwa.

Ina tuna Gwaggo Tambaya, tsohuwar nan ta ƙauyen Maguzawa da ke bayan Bunkure, wadda mijinta ya mutu ya bar ta da gonar albasa. Injinta ya buga a tsakiyar rani, gyaran ba na kwana ɗaya ba ne. Ka ɗaura naka injin a bayan babur ka kai mata, ka haɗa mata shi da kanka. Bayan ta cire albasa sai ga ta a garejinka da injin da ƙaton zakara a hammata. Ka karɓi injin, ka dubi zakaran, ka ce, "Gwaggo, wannan ai ya fi injin ƙara. Koma da abinki, maƙwabtana sun gaji da ni haka ma." Ranar jana'izarka jikokinta sun zo, sun tsaya daga gefe har aka gama.

Waɗannan kowa ya san su, kowa zai faɗe su. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne maganar motar.

A ranin 1976 aka yi wani tseren motoci da ya ratsa ta yankinmu, ta hanyar burji da ke bin gefen babban kanal. Ina tsaye a kan gaɓa da ma'aunina lokacin da wata Fijo fara mai ratsin shuɗi, da lamba sha bakwai a ƙofofinta, ta kasa shan kwana ta faɗa cikin kanal ɗin da ba a sako wa ruwa ba tukuna. Turawa biyu suka fito da hular kwano, ba wanda ya ji ciwo, suna ta zagin juna da yarensu. Kai ka kawo tarakta ka jawo ta. Ƙofar hagu ta lotsa, ƙarfen ƙafafun baya ya karye. Washegari shugabansu ya zo ya duba, ya ga ba za ta koma tseren ba, ɗaukarta zuwa ƙasarsu kuma wahala ce. Ya ga yadda ka kwana kana fama da ita ba wanda ya sa ka, sai ya rubuta takarda ya ce ya bar maka. A gabana aka yi. Ni na karanta maka takardar.

Takardar ta tafi a ambaliyar 1988, tare da ɗakin da take ciki. Daga nan motar ita ce ta zama takardar kanta.

Kai ka fahimtar da ni cewa ba irin Fijon kasuwa ba ce. Kamfanin ne da kansa ya ware ta ya shirya ta don tsere. Ka nuna mini ƙarafunan da aka gitta a cikinta don kada rufin ya danne direba in ta kife. Ka nuna mini ƙaramin faranti na tagulla da aka kafe a bangon da ke tsakanin inji da direba, mai ɗauke da lambar ɗakin da aka shirya ta. Ka nuna mini hatimin dalma guda uku da alƙalan tseren suka ɗaure a jikin injin da waya, don kada a canza shi a hanya. Shekara tara ka yi kana zirga-zirga a kasuwar Ƙofar Ruwa kafin ka sami ƙarfen baya irin na zamaninta, domin ka ƙi ka sa mata wanda ba nata ba. Da ka tayar da ita, duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci sai ka ba ta wuta, ka zaga da ita bakin kanal ka dawo.

Amma jikinta ka ƙi taɓawa. Fentin ya koɗe, lambar ta dushe, kujerun sun yage, lotsawar ƙofar tana nan. Sau nawa na ji ka ce, "Abin da ke ciki nawa ne in gyara. Wannan lotsawar kuwa ba ni na sa ta ba, ba ni zan cire ta ba."

Waɗanda suka ga faɗuwarta suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka taso ba abin da suka gani sai tsohuwar Fijo a ƙarƙashin rumfa da wani makanike mai labarin Turawa. A majalisar bakin tasha suka sa mata suna Tasin Sallau. In ka wuce sai wani ya ɗaga murya, "Sallau, yaushe za a fara lodin Zariya? A ajiye mini gaba!" Kana dariya kana ramawa. Amma wata rana muna zaune a garejinka ka ce mini, "Badamasi, ni ba sayar da ita zan yi ba. So nake wani wanda ya san abin ya zo ya duba, ya ce Sallau bai yi ƙarya ba. Shi ke nan."

Abin da ka nema a duniya ke nan, kai da ba ka taɓa yi wa manomi ƙarya a kan injinsa ba.

Na rubuta maka wasiƙu zuwa ƙungiyoyin masu tsofaffin motoci a ƙasashen waje, shekara da shekaru, ba amsa. Sai bara Nafi'u ya ɗauki hotunanta ya sa a intanet. Cikin mako biyu wani Injiniya Lukmanu ya kira daga Legas. Aikinsa ke nan, duba tsofaffin motoci ya tabbatar ko na asali ne, kuma takardar da ya sa wa hannu ana yarda da ita har a waje. Ya ce abin da ya gani a hotunan ya hana shi sukuni, zai zo da kansa bayan babbar salla. Ya ƙara da cewa kada a taɓa komai. Ranar na ga ka rasa inda za ka sa kanka, kana ta goge hannunka da tsumma alhali babu baƙin mai a jikinsa.

A shekarar ce kuma 'ya'yanka suka haɗu suka biya maka kujerar Makka. Ka lulluɓe motar da tamfol, ka ba Nafi'u makulli, ka tafi.

Kowa ya san yadda muke yi. Ba a barin alhaji ya dawo ya tarar da gida yadda ya bar shi. Aka yi wa gidanka fenti ciki da waje, aka sake labule da shimfiɗu, aka zana jirgin sama a jikin zaure. Da aka gama sai Nafi'u ya zo gidana da hantsi, tare da Baballe mai fenti, wanda kai ka koya wa riƙon sifana tun kafin ya buɗe nasa wurin.

Nafi'u ya ce, "Baffa, gida ya yi kyau, amma motar nan ta zama kamar ruɓaɓɓen haƙori a ƙofar gida. Ga Baba zai dawo, ga baƙo zai zo daga Legas. Wannan za mu nuna masa?"

Baballe ya ce, "Malam, kwana goma kawai nake so. Wallahi in na gama da ita, Turawan da suka ƙera ta sai sun yi sallama kafin su shiga."

Nafi'u ya ce, "Sai dai Injiniya ya ce kada a taɓa. Shi ya sa na ce ba za mu yi komai ba sai mun ji ta bakinka. Kai ka yi karatun waɗannan abubuwan."

Ka ji, Sallau? Ni aka tambaya. Ɗanka ya yi shakka, ya zo wurin mai ilimi. Na san dokarka, na ji ta daga bakinka ya fi sau ɗari. Amma abin da ya zo mini a rai shi ne wani ɗan Legas da takalmi mai sheƙi yana kallon yagaggun kujeru yana cewa a ransa mutanen ƙauye ba su san darajar abu ba. Na ji ba zan iya jure wannan kallon ba. Sai na gyara zama na ce, "Inji yake nufi. Fenti ai mutunci ne. Ku yi."

Baballe ya yi aikin da bai taɓa yi wa kowa ba, kuma don ƙaunarka ya yi. Ya bi jikinta da samfefa har sai da farin ƙarfe ya fito. Ya buge lotsawar ya shafe ta da fila, ƙullin nan da ake cike ramin jikin mota da shi. Ya yanke ƙarafunan ciki, ya ce ba zai yiwu alhaji ya riƙa sunkuyawa da babbar riga yana ratsa ƙarfe ba. Ya sa sababbin kujeru masu laushi. Ya ga bangon da farantin tagullar yake ya yi tsatsa, sai ya yanke wurin gaba ɗaya ya yi waldar sabon ƙarfe. Da aka zo wanke inji, aka tsinke wayoyin dalmar nan, domin a ganinsu datti ne. Aka fesa mata fari mai ƙyalli, aka sake rubuta sha bakwai da ruwan gwal, ta fi ta da kyau nesa ba kusa ba. Tarkacen da aka cire kuma 'yan gwangwan suka kwashe a kura. Na je na gani ana cikin aikin. Na ce madalla.

Da ita muka je tarbarka a filin jirgi. Ka fito da jakarka, ka rame, fuskarka tana haske. Ka wuce ta gabanta ba ka ko kalle ta ba, kana tambaya ina motar da za mu shiga. Nafi'u ya riƙo hannunka yana murmushi ya ce, "Baba, ga motarka."

Ka tsaya. Ka zagaya ta hagu, ka ɗora tafin hannunka a kan ƙofar, ka shafa sama da ƙasa. Ka leƙa ciki. Ba ka buɗe bonet ba, ina jin ka riga ka sani. Mu kuwa muna tsaye mun kewaye ka muna jiran yabo. Ka ɗago ka dubi Baballe ka ce, "Hannunka ya yi kyau. Allah ya yi maka albarka." Ka dubi Nafi'u ka ce, "Allah ya ba ka masu yi maka." Nafi'u ya miƙa maka makulli, ka ce ka gaji, shi ya ja. Ka shiga baya ka zauna. Tun da na san ka ban taɓa ganin ka a kujerar bayan motar nan ba. A lokacin na gane abin da muka yi, tun kafin mu bar filin jirgin.

Injiniya Lukmanu ya zo bayan mako uku. Ba shi da takalmi mai sheƙi. Silifas ne a ƙafarsa, da tsohuwar rigar aiki a jaka, kuma ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ka. Da aka yaye tamfol ya dubi motar sama da ƙasa. Sannan ya ciro wayarsa ya dubi hotunan da aka aika masa, ya sake duban motar, ya ce a hankali, "Wa ya yi wannan?"

Kai ka amsa. Ka ce, "Iyalina ne suka yi mini barka da zuwa."

Duk da haka bai tafi ba. Ya sa rigar aikinsa ya shiga ƙarƙashinta da tocila da ƙaramin madubi, tun hantsi har la'asar. Ya bi jikinta da mayen ƙarfe yana gano inda aka shafa fila. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya ga guntayen ƙarafunan da aka yanke. Ya tambaye ka abubuwa, kana ba shi amsa kafin ya rufe baki, har ya yi dariya ya ce akwai abin da yau ya fara ji. Ya sa Nafi'u ya kai shi wurin 'yan gwangwan, suka ce kayan wancan watan tuni babbar mota ta kwashe zuwa inda ake narkarwa.

Da ya wanke hannu ya zauna kusa da kai a kan benci. Ya ce, "Baba, ni a raina na yarda da kai. Wanda bai zauna da motar nan ba ba zai san abin da ka sani ba. Amma abin da idona ya gani nake sa wa hannu. Guntayen ƙarfen nan kowane mai walda zai iya yin su, kuma ana yi, ana ɗaukar Fijon kasuwa a mai da ita kamar ta tsere. Hoto kuma ba ya isa, lambar farantin ba ta fito a ciki ba. Da na tarar da farantin da hatiman nan, da tsohon fentin, da yau na rubuta."

Ka ce, "To yanzu me za ka rubuta?"

Ya ce, "Fijo ce ta shekarun saba'in, an yi mata gyara, babu hujjar da ta nuna ta yi tsere."

Na ce masa ni shaida ne, a gabana ta faɗa kanal. Ya dube ni da ladabi ya ce zai rubuta cewa wani dattijo ya faɗi haka. Na yi shekara hamsin ina taƙama da cewa ni mutumin hujja ne, ba mutumin ji-ta-ji-ta ba. Ranar na zama wani dattijo da ya faɗi haka.

Kafin magariba labari ya kai bakin tasha. Ba wanda ya tsaya jin yadda aka yi. Abin da aka riƙe shi ne masani ya zo daga Legas ya duba ya ce babu. Na ji da kunnena wani yana cewa, "Ashe dai tasi ce. Shekara hamsin mutumin nan yana shirga mu." Waɗanda suka faɗi haka sun zo jana'izarka, sun yi maka addu'a da zuciya ɗaya, kuma har gobe sun yarda cewa kai mutumin kirki ne mai ƙarya guda ɗaya. Haka za a tuna da kai a garin nan. Na san mutanenmu, ba abin da zan rubuta da zai canza wannan.

Ba ka sake tayar da ita ba. Ka ci gaba da zuwa gonaki, ka ci gaba da amsa waya, amma ka daina bi ta bakin tasha. Da ciwo ya kwantar da kai na zo duba ka wata safiya, Hajiya ta ba mu wuri. Na daɗe ina juya maganar kafin na ce, "Sallau, ba laifin Nafi'u ba ne. Ni na ce a yi."

Ka ce, "Na sani. Tun a hanyar filin jirgi na sani. Nafi'u ba ya yanke komai sai ya tambaye ka, ni na koya masa haka."

Na ce, "Me ya sa ba ka taɓa yi mini magana ba?"

Ka ce, "In ce me? Mutum ya dawo daga ɗakin Allah ya fara da faɗa da waɗanda suka yi masa kwalliya?" Ka yi tari, ka huta, sannan ka ce, "Biro uku, kai dai ba ka taɓa iya barin abu yadda yake ba." Ka yi dariya. Ni ban iya ba.

Da ka zage ni, da na sami abin riƙewa. Ka tafi ba ka ba ni ko wannan ba.

Jiya masu rabon gado suka zauna. An sa motar a cikin kaya a matsayin tsohuwar Fijo mai sabon fenti, domin abin da takarda ta ce ke nan, kuma akwai marayu da mata a cikin magada, ba wanda zai ce a ajiye ta don labari. Wani dillalin tumatir ya riga ya zo ya gani. Ya yaba injin ƙwarai. Ya ce zai yanke bayanta ya mai da ita akori-kura ta riƙa kai kwanduna kasuwa. Nafi'u ya zo ya tambaye ni ko ya yarda. Na ce masa ya daina tambayata komai.

Ya Allah, ga bawanka Sallau ya zo gare ka. Kai ka ga abin da ya faru a bakin kanal, ka ga abin da ya faru bayansa, ba ka bukatar kowa ya sa hannu. Ka karɓe shi a cikin masu gaskiya. Ka gafarta masa kurakuransa, ka karɓi hajjinsa, ka yalwata kabarinsa, ka sa ruwan da ya taimaka ya kai ga shukar bayinka ya zama sanyi a gare shi. Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa.

Hajiya Saliha, Allah ya ba ki haƙuri da juriyar wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yansa da jikokinsa, da makanikan Kura, da duk manomin da injinsa zai tsaya a ranin nan ya ɗauko waya kafin ya tuna. Baballe, ka daina ɓuya in ka hango ni, aikin da aka sa ka ka yi. Nafi'u, mahaifinka bai yi ƙarya ba, ka gaya wa 'ya'yanka haka ko da ba za su yarda ba. Kuma kada ka ɗauki wannan nauyin a kanka. Nawa ne, kuma ba ni da sauran nisa da zan kai shi.

Badamasi Ibrahimu
Kura